Yadda Yaya Ya Rage Wa Maus Nauyi

Yayana mai fenti ne, kuma a fentin ba shi da abin kushewa. Ka ba shi bango da buroshi ka tafi harkarka, ka dawo ka tarar da aiki tsaf. Matsalarsa tana farawa ne ranar Asabar da yamma, idan ya kankare fenti daga farce ya nufi shagon gem da ke layinmu, inda shi da abokansa huɗu suke zama gaban kwamfutoci suna wasan nan na sojoji, biyar su kara da biyar. A can sunansa Walƙiya. Ba wanda ya raɗa masa, shi ya raɗa wa kansa, har ya sa ni na ɗinka masa sunan a bayan riga.

Ni tela ce, shagona yana kallon shagon gem ɗin, don haka ba labari aka ba ni ba. Da an fara wasa Yaya ne zai fara rugawa gaba, shi ne kuma zai fara mutuwa. Ranar da bai mutu da wuri ba, to ya jefa gurneti a ƙafar 'yan uwansa. Tawagarsu ba ta taɓa cin 'yan bayan kasuwa ba, ko da wasa.

Wata Asabar bayan sun sha kashin da suka saba, kyaftin ɗinsu, Mai Aski, ya tare shi a ƙofar shagona.

"Walƙiya, maganar gaskiya mun gaji. Sati mai zuwa za mu sake haɗuwa da mutanen nan. In aka ci mu, kujerarka ta zama ta Direba. Ya daɗe yana tsaye a bayanmu yana haɗiyar yawu."

"Hannuna kake zargi?" in ji Yaya, ya ɗaga shi sama. "Wannan hannun da yake jan layi a bango ba tare da igiya ba?"

"Bango ba ya ramawa," in ji Mai Aski, ya wuce abinsa.

Na yi dariya, amma ban ji daɗi ba. Kujerar nan ta biyar, ta kusa da taga, na san abin da take a wurin Yaya. Duk sati a kan tsani yake, ana cewa mai fenti zo nan, mai fenti ka bar tabo a can. A kujerar nan kaɗai yake jin shi ma wani ne.

Washegari ina sharar ƙofa sai ga shi yana tafe kamar wanda aka ba minista.

"Auta, na kama ɓarawon."

Ya ciro maus ɗinsa na kwamfuta daga aljihu ya ajiye mini a kan teburin yanka. Matarsa ce ta saya masa, wadda nake kira Anti. Maus ne mai kyau, baƙi, mara waya, ranar da na fara ɗaga shi na ɗauka ma ba komai a cikinsa.

"Nauyi ne yake kashe ni," in ji shi. "Na kalli bidiyon manyan 'yan wasan duniya, maus ɗinsu duk huda-huda ne kamar rariya. Duk giram ɗaya da ka rage, harsashinka ya riga na abokin gaba fita. Ni da ma na fi su saurin hannu, wannan dutsen ne yake ja na baya."

"Yaya, a jikin kwalinsa fa an rubuta mara nauyi ne."

"Kamfani ya tsaya inda iliminsa ya tsaya. Ni daga nan zan ɗora. Ba ni basilla."

Kafin na ce wani abu ya zari basillata, ya kunna kyandir, ya gasa bakinta ya fara huda bayan maus. Warin ƙonanniyar roba ya cika shago. Wata mata da ta zo awo ta toshe hanci ta ce za ta dawo idan an kashe gobarar, har yau ban sake ganinta ba.

Maƙwabcina Baba Mai Agogo ne, tsoho mai ɗan ƙaramin sikeli da yake auna 'yan kunne da zobba. Mutum ne da ya fi son kallo a kan abinci. Ashe shi ya auna maus ɗin tun kafin Yaya ya shigo wurina, giram sittin. Da Yaya ya gama huda ya koma, Baba ya gyara tabarau ya leƙa.

"Hamsin da takwas."

"Biyu kacal? Baba, sikelinka ya tsufa."

"Tare muka tsufa, ɗana, amma shi bai taɓa ƙarya ba. Ni ne nake ɗan taɓawa wani lokaci." Ya juya maus ɗin ya nuna ƙasansa. "Ai ga inda nauyin yake. Waɗannan sukurorin duk ƙarfe ne."

Ya miƙa masa sukudireba yana murmushi. Na harare shi, ya yi kamar bai gan ni ba.

Daga nan abu ya ɓalle. Yaya ya kwance sukurori. Ya ɓamɓare maɓallan gefe, ya ce ado ne kawai. Ya zare 'yar fitilar da take walwali a ciki, ya ce shi ba biki ya zo ba. Sannan ya cire tayar tsakiya, wadda ake murzawa da yatsa. Ana cikin haka Mai Aski ya leƙo da almakashi a hannu.

"Ina tayar?"

"Na sallame ta."

"To da me za ka sauya bindiga?"

"Mai sauya bindiga bai yarda da ta farko ba ne. Ni ɗaya ta ishe ni."

Mai Aski ya dube ni, na dube shi, ya koma wurin mutumin da ya bari da rabin aski.

Da yake babu sukurori, sama da ƙasan maus suka ƙi zama tare. Da ka taɓa sai ya wangale baki. Yaya ya ce wannan ƙaramin abu ne, ya sayo gam mai kama ƙarfe ya zazzaga, ya danne da yatsa yana yi mana lacca a kan yadda zai buɗe kamfanin maus, ni in riƙa ɗinka musu jakunkuna. Da ya gama lacca ya ɗaga hannu, maus ya biyo shi.

Ya yarfa, bai fita ba. Ya ja, ya yi ƙara. Haka ya wuni yana yawo a layi da maus a rataye a manuniyarsa, duk wanda ya tambaya sai ya ce gwaji ne, yana so makami ya saba da jikinsa. Sai da yamma Anti ta zaunar da shi, ta tsoma yatsan a ruwan ɗumi da mai, tana murzawa tana kallon abin da ta saya masa da hannunta ya koma kamar wanda ɓera ya ci.

"Maigida, me ya yi maka?"

"Gyara nake."

"To Allah Ya sa kada wata rana ka ce za ka gyara ni."

Da safe aka koma kan sikeli. Baba ya daɗe yana kallo kafin ya yi magana.

"Ya ƙaru, ɗana. Gam ɗin ya mayar da abin da ka cire. Ga kuma fatar yatsanka a jiki, ita ma tana da nata nauyin."

Wani zai haƙura a nan. Yaya gida ya koma ya ɗauko samfefar da yake goge bango da ita. Ya zauna a bencina yana gurza, baƙar ƙura tana sauka a kan farin yadin mutane, ina kakkaɓewa ina masifa yana ce mini watarana zan yi alfahari a shagona aka ƙera shi. Bai tsaya ba sai da bayan maus ya zama kamar ɓawon albasa, in ka ɗaga shi a rana kana hango cikinsa.

Ranar ya bar shi a shagona kusa da kofin shayin da bai shanye ba. Washegari ya ɗauka ya tsallaka shagon gem don gwaji, na bi shi saboda ban yarda a ba ni labari ba. Ya soka ɗan abin da yake haɗa maus da kwamfuta, ya ajiye maus a tebur, bai ko taɓa shi ba sai kibiyar da ke fuskar kwamfutar ta fara rarrafe ita kaɗai, ta yi hagu, ta yi sama, ta tsaya, ta ci gaba.

Yaya ya buɗe hannu biyu ya juyo ga jama'a.

"Kun gani? Ban taɓa shi ba ya fara aiki. Tunanina yake karantawa."

Mai shagon ya ɗaga maus ɗin ya ɗan girgiza. Kiyashi suka fara zubowa ta hudojin, suka ja layi a kan tebur suka nufi taga.

"Ga tunanin naka can yana fita a jere," in ji Mai Aski.

Direba, wanda yake jiran kujerar, ya yi dariya har da riƙe bango. Yaya ya kalle shi, na ga muƙamuƙinsa ya motsa. Ya karɓi maus ya busa masa maganin sauro, ya fita.

Na ɗauka ya saduda. Ashe wani sabon tunani ne ya zo masa: ba maus kaɗai ke motsi ba, har da hannun da yake riƙe da shi. Ya yanke farce har sai da ya ji zafi. Ya cire agogo. Ya shiga wurin Mai Aski ya miƙa dantse ya ce a aske masa gashin hannun dama daga wuyan hannu zuwa kafaɗa.

"Na hagu fa?"

"Na hagu ba ya harbi."

Ya dawo wurina da hannu ɗaya sumul kamar na jariri, ya miƙo rigar nan mai sunan Walƙiya ya ce in cire mata hannun dama. Na ce ban taɓa ɗinka riga mai hannu ɗaya ba. Ya ce shi ya sa har yanzu shagona ɗaya. Haushi ya sa na datse masa shi a take.

Inda ya yi kuskure babba shi ne cire zoben aurensa. Anti ta lura da yatsan a wurin cin abinci.

"Zoben auren ma nauyi yake maka?"

"Giram huɗu ne, na auna."

"Madalla. Ka je ka auna kujerar falo ma, don a kanta za ka kwana."

Ana gobe wasa ya sake zuwa wurin Baba da wuya a sanƙare. Maus ya sauko sosai, amma Yaya ya ce yana jin akwai sauran wani abu mai nauyi a ciki. Ya leƙa ta huda ya hango batir.

"Ga uban tafiyar."

Wannan karon har Baba sai da ya ɗan ja baya.

"Ɗana, wannan shi ne ransa."

"Ba ka da na agogo? Agogo yana shekara da batir ɗaya, ni wasan yamma ɗaya kawai zan yi."

Son gaskiya da son kallo suka fara kokawa a fuskar Baba. Son kallo ya yi nasara. Ya ciro batir ɗan mitsitsi kamar maɓallin riga, suka ɗaure shi da zarena da ɗan salatef. Aka gwada, kibiya ta motsa. Yaya ya sumbaci maus ɗin a hankali don kada ya fashe.

Ranar Asabar shagon gem ya cika har ƙofa. 'Yan layinmu a gefe ɗaya, 'yan bayan kasuwa a ɗaya gefen, Baba ya kawo kujerarsa da kofin shayi, Anti ta tsaya kusa da ni ta naɗe hannu. Yaya ya shigo a ƙarshe, riga hannu ɗaya, dantse yana ƙyalli, riƙe da akwatin 'yan kunne da ya aro. Ya buɗe shi a hankali. Maus yana kwance a kan auduga.

'Yan bayan kasuwa suka matso kallo. Ɗaya ya miƙa yatsa zai taɓa, Yaya ya buge hannun.

"Kafin a fara, a kafa doka. Ba mai taɓa maus ɗin wani. Ba aro, ba sauyi, har a tashi wasa. Wanda nasa ya gaza ya kuka da kansa."

Mai shago ya tambayi ɓangare biyu, kowa ya ce ya yarda. Yaya ya kuma nemi a kashe fankar tsaye da ke kusa da taga, wata tsohuwa da murfin gabanta ya daɗe da ɓata, ya ce iska tana iya shafar makaminsa. Mai shago ya ce ba zai dafa mutane da ransu ba, ya dai ɗan juya mata kai.

Aka fara. Gaskiya maus ɗin yana da sauri, wannan ba zan hana shi ba. Yaya ya ɗan taɓa shi, sojansa ya juya kamar katantanwa. Ya harbi sama, ya harbi ƙasa, ya harbi Mai Aski a baya.

"Walƙiya, ni ne."

"To ka daina shiga gaban walƙiya."

Aka cinye su zagaye na farko, aka cinye su na biyu. Direba ya matso ya dafa bayan kujerar Yaya kamar mai duba kayan da zai saya. A zagaye na uku, sojan Yaya yana fitowa daga ƙofa ya ɗaga kai sama ya tsaya cak. Batirin agogo ya gama abin da zai iya.

Yaya ya girgiza maus. Shiru. Ya ɗan ƙwanƙwasa shi a tebur, gefe ɗaya ya lotsa. Gumi ya fara bin askakken hannun nan. Sai ya ɗora maus a tafin hannu, ya kawo shi saitin baki, ya cika kumatu ya hura masa iska kamar mai tada wuta.

Maus ya tashi. Wallahi da idona na gani, ya bar tafin hannun ya yi sama kamar busasshen ganye, ya ɗan yi lilo, fankar nan mara murfi ta jawo shi. Muka ji ƙarrr. Ɓaraguzan baƙar roba suka watsu a kan jama'a, guntu ɗaya ya faɗa a shayin Baba. Ya sa yatsa ya tsamo shi ya duba.

"Wannan ko giram ɗaya bai kai ba. Ka cika burinka, ɗana."

Shago ya kece da dariya. Wani ɗan bayan kasuwa ya sulale ƙasa yana dukan tayil. Anti ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa. Yaya ya juya a firgice.

"Direba, ara mini naka."

"Ba aro, ba sauyi," 'yan bayan kasuwa suka amsa baki ɗaya, har da tafi.

Ya koma kan kibod yana dannawa. Soja ya fara tafiya kansa a sama, ya je ya haɗa goshi da bango yana ta tattaki a wuri ɗaya.

"Walƙiya," in ji Mai Aski, bai ko waiwayo ba, "cire hannunka daga komai. Naɗe su a ƙirji. In ka sake taɓa wani abu, da kaina zan ɗaga ka."

Yaya ya naɗe hannu. Aka shiga sabon zagaye, sojansa yana tsaye a fili kamar turken wuta.

Daga nan ne abin mamaki ya fara. 'Yan bayan kasuwa sun saba Walƙiya naman banza ne, kowa yana so ya zama shi ya kashe shi. Da suka hango shi tsaye ba motsi sai suka yi rububin zuwa, suka manta da sauran huɗun da suka laɓe a gefe. Mai Aski da mutanensa suka riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ba gurneti a ƙafa, ba harbi a baya, ba mai rugawa gaba a je ceto shi. Zagaye na gaba suka sake zuwa, aka sake kwashe su. Kyaftin ɗinsu yana ta cewa a ƙyale mutumin nan tarko ne, amma kwaɗayi bai bar su ba. Kafin su farga an wuce su, kafin su gyara an tashi wasa.

Layinmu ya ci 'yan bayan kasuwa, karo na farko tun da aka buɗe shagon. Aka yi ta ihu ana buga tebur. Yaya ya daɗe yana kallon fuskar kwamfuta, sannan a hankali ƙirjinsa ya fara tasowa. Ya miƙe tsaye ya gyara rigarsa mai hannu ɗaya.

"To, yanzu zan iya faɗa muku. Duk shiri ne. Tun daga hudar farko na tsara..."

"Zauna," in ji Mai Aski. Ya juya ga Direba. "Ka yi haƙuri, alkawari ne. Mun ci, kujera tasa ce."

Direba ya saki bayan kujerar. Yaya ya washe baki, ya kalle ni, ya kalli Anti, farin ciki kamar ya yi kuka. Ni ma sai da na ji sanyi a raina.

"Sati mai zuwa zan zo da sabon maus," in ji shi. "Wannan karon daga ƙasa zan fara hudawa."

"Ba za ka zo da komai ba," in ji Mai Aski. "Mun yi shawara da ido tun ana wasa. Kujera taka ce har abada, amma ba maus, ba kibod. Ka zo, ka zauna, ka naɗe hannu."

"To da me zan yi wasan?"

"Da zama. Ba mu taɓa samun wanda ya iya shi kamarka ba."

Aka sake fashewa da dariya. Yaya ya dubi hannunsa na dama. Ya kalli kujerar, ya kalli Direba da bai riga ya kai ƙofa ba, ya ja ta ya zauna.

Har yau shi ne na biyar a tawagar, kuma suna ta cin wasa. A layi yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ne ƙashin bayan ƙungiya, ba a taɓa ci ba sai da ya sauya dabara. Ni dai daga kan kekena ina hango shi ta taga, yana zaune a miƙe, tebur fayau a gabansa. Yakan fara da hannu a naɗe kamar yadda aka ce. Amma da abokin gaba ya gifta ta gaban sojansa, sai hannun dama ya zame a hankali ya sauka kan tebur, manuniyarsa tana danna katako.